Jirgin Ruwa a Ƙasar Tudu: Ruwa Ya Riga Gwaninta Zuwa

Tambayi ɗan makaranta a Birnin Ƙonni da me aka san ƙasarsu, zai ce maka albasar Galmi, simintin Malbaza, ko kasuwar kan iyaka. Da wuya ya ambaci kifi, balle jirgin ruwa. Alhali yau akwai magidanta a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela da suke ci da iyalinsu daga su. Tarihin jirgin ruwa a wannan yanki na jihar Tawa gajere ne, kuma gajartar nan ce ta sa nake son malamai da iyaye mu tsaya a kansa. Ruwa mai zurfi ya iso mana kafin sanin yadda ake kula da jirgi ya zauna a gidajenmu.

Mu fara da yadda ƙasar take a da. Babu kogin da ke gudu rani da damina a nan. Abin da muke da shi shi ne kwarin Majiya, wanda ke kwaso ruwan duwatsun Adar da damina, ya biyo ta ƙasar Ƙonni, ya zube a tafkin Kalmalo da ke cikin Najeriya. Da kaka ta wuce sai ya ƙafe, ya bar tafkuna nan da can. Sun kakanninmu na gayya ne: a jira tafki ya ja baya, a shiga da koma da gora, a kama tarwaɗa, a tono gaiwa cikin laka. Irin wannan su ba ya neman jirgi. Masu jirgi na gado suna can bakin gulbi, kamar Sarkawan Kabi, waɗanda ɗansu ke tashi ya ga ubansa yana toshe ɓarakar jirgi tun bai iya tuƙi ba.

Shekarun 1970 ne suka sauya al'amarin. Bayan babban farin 1973, daminar 1974 ta zo da ruwa mai yawa, har wani ƙaramin tafki a Ɗan Dutsi, ta wajen Illela da Bagaruwa, ya cika ya cinye gonakin da ke gefensa, ya zama ruwan da ke kwana shekara. A shekarun ne kuma gwamnati ta datse Majiya a Mozage da Zango, aka ja ruwan ta magudana zuwa ma'ajiyar Cerasa, don shayar da filin noman rani na Ƙonni mai faɗin hekta sama da 2,400, wanda aka gina tsakanin 1976 da 1982. An kafa hukumar ONAHA a 1978 don kula da irin waɗannan filaye. Don noma aka yi madatsun, amma duk inda ruwa ya kwanta kifi zai zauna. An zuba irin karfasa da giwan ruwa da ragon ruwa a tafkunan jihar, masunta suka zo daga nesa, manoma ma suka koyi jefa birgi. A 2005 aka sa tafkin Ɗan Dutsi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

To, ruwan da ya fi ƙarfin gora sai jirgi. Nan aka ci karo da matsala ta farko: ƙasar da fari ya cinye ba ta da manyan itatuwa irin maɗaci da za a fafe jirgi guda daga gungume ɗaya. Sai aka koma jirgin katako, wanda kafinta ke haɗawa da ƙusa, da katakon da ake kawowa daga kudu. Jirgi ne mai sauƙin kuɗi, amma ranar ƙasarmu ba ta raga masa. In ruwa ya ja baya aka bar shi a tudu, katakon ya bushe ya tsattsage. Don haka rayuwarsa duk gyara ce: a cusa tsumma ko auduga a tsaga, a shafe da kwalta mai zafi, a buga fallen kwano a inda ya ruɓe. Masuncin kirki ba ya jiran ruwa ya shigo kafin ya duba jirginsa.

A wasu ƙasashe an bi wata hanya dabam. A 1886 wani Ba'amurke, Charles Hall, da wani Bafaranshe, Paul Héroult, kowa a ƙasarsa, suka gano yadda ake fitar da alminiyum da lantarki, sai ƙarfen da a da ya yi tsada ƙwarai ya zama na kowa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, kamfanin Grumman na Amurka, wanda ya ƙera jiragen saman yaƙi, ya juya gwanintarsa ga ƙera kwale-kwalen alminiyum. Daga nan ƙaramin jirgin kamun kifi na wannan ƙarfe ya bazu, domin ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, gara ba ta cin sa, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe.

Mu a nan ta tukunya ya fi shigo mana. Goran ruwa, kamar yadda wasu ke kiransa, yana narkewa a zafin digiri 660, wanda gawayi da zuga-zugi ke iya kaiwa. Shi ya sa maƙeranmu ke narka gwangwani da tsofaffin kayan mota su zuba tukwane da ludaya. Jirginsa kuwa ya fi ƙarfin aljihun yawancin masunta. Amma in ƙungiyar masunta ta samu tsoho, gyaransa bai gagari masu sana'ar garuruwanmu ba, muddin an kiyaye ƙa'ida. A ɗora shi a kan turaku a zuba masa ruwa kaɗan, duk inda ya ɗiga a yi alama. Ribitin da ya saki a daddaƙe shi ko a sauya, a yi faci da falle irin nasa. Kada a buga masa ƙusar baƙin ƙarfe ko waya ta tagulla, domin in ƙarfe biyu mabambanta suka haɗu cikin danshi, alminiyum ɗin ne ke cinyewa. Waldarsa ba irin ta ƙofa da taga ba ce, tana son na'ura mai iskar argon, wanda bai saba ba kuwa huda fallen zai yi. A shimfiɗa katako a ƙasansa saboda zafin rana da santsi, amma kada a ɗaga wurin zama, don nauyi in ya hau sama jirgi kifewa yake.

Akwai wani abu da ya fi duk waɗannan. Jirgin katako in ya cika da ruwa sau da yawa yakan tsaya a sama, a samu abin kamawa. Na alminiyum nutsewa yake kamar dutse, domin ƙarfen ya ninka ruwa nauyi fiye da sau biyu da rabi. Maganin kuwa yana tsakar gidanmu: jarka mai lita 20, in babu komai ciki kuma an rufe ta gam, tana iya riƙe kusan kilo 20 a kan ruwa. A ɗaure 'yan kaɗan ƙarƙashin wurin zama, ko jirgin katako ne ko na ƙarfe.

Ba don sha'awar fasaha kawai nake wannan bayani ba. A maƙwabtanmu na jihar Sakkwato, a ruwan Shagari, jirgi ya kife a watan Afrilun 2022 mutum 29 suka rasu, a watan Mayun 2023 kuma wani ya sake kifewa da yara masu zuwa neman itace, aka rasa 15. Allah Ya ji ƙansu. Yaranmu ma suna bin masunta, suna tsallaka ruwa zuwa gona, suna wasa cikin jirgin da aka ɗaure a gaɓa. Akasarinsu iyayensu ba su gaji ruwa ba, babu wanda ya taɓa gaya musu iyakar mutanen da jirgi ke ɗauka.

Abin da gado bai ba mu ba, makaranta da gida za su iya bayarwa. Malamin tarihi ya koyar da Mozage da Ɗan Dutsi kamar yadda yake koyar da sarakunan Ƙonni da na Adar. Malamin kimiyya ya kawo jarka da baho ya nuna wa yara dalilin da ya sa wani abu ke nutsewa wani ke tsayawa. A gayyato tsohon masunci da kafinta su yi wa ɗalibai bayanin toshe ɓaraka. Ku kuma iyaye, kafin ɗanku ya taka jirgi, ku tambayi mai shi yaushe rabonsa da gyara, mutum nawa yake ɗauka, kuma ina abin kwarfe ruwa. In ya ji haushin tambayar, ku riƙe ɗanku a tudu.