Abin da Na Tsinta a Akwatin Gwaggo

 

 Sau da yawa idan na je gidan biki ko suna aka ce ga mai rubuta littafi nan, sai wata ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Ke kuwa baiwar Allah me ya kai ki rubuta littafin soyayya? Ba ki jin abin da ake faɗa a kanku?" Nakan yi murmushi kawai, domin gidan biki ba wurin dogon bayani ba ne. To yau ga alƙalami ga takarda, bari in ba ki tarihin waɗannan littattafai kamar yadda na same shi, da abin da suka yi mini ni kaina.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare aka kai ni hutu gidan Gwaggo, yayar Babanmu, a cikin birnin Kano. Wata rana ina shara na jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadonta, na ɗauka kayan ɗaki ne, ina buɗewa sai na ga littattafai maƙil. Sirara ne, takardarsu ta yi ja don tsufa, wani na ɗaya yana nan na biyu an ara ba a dawo da shi ba. Abin ya ba ni mamaki, domin na san Gwaggo ba ta yi boko ba, tana shekara 14 aka yi mata aure. Da na tambaye ta sai ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, ai waɗannan su suka kai ni makaranta. Da 'yar maƙwabta ke karanta mini, sai labari ya yi daɗi ta ce uwarta na kira. Ran nan na yi zuciya na ce wa Malam ya bar ni in shiga yaƙi da jahilci." Ajin matan aure ta shiga, irin na hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, kuma ba ta daina zuwa ba sai da ta iya karanta littafinta da kanta.

Daga baya, da na fara rubutu, na shiga bin asalin abin. Ashe ƙagaggen labari na boko a ƙasar Hausa ya samo tushe ne daga gasar da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. A nan aka samu *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam, da *Ganɗoki* na Bello Kagara, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da *Idon Matambayi* na Muhammadu Gwarzo. Littattafai ne masu daraja, har gobe ana karanta su a makarantu. Amma duk maza ne suka rubuta, mace ko ta fito a ciki, da bakin namiji ake jin labarinta. Sai da aka yi shekara fiye da 40 kafin Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta shiga gasar kamfanin NNPC na Zariya, aka buga mata *So Aljannar Duniya* a 1980, labarin Boɗaɗo Bafulatana da ta kafe a kan wanda zuciyarta ke so. Ita ce macen farko da aka buga wa irin wannan littafi da Hausa, Allah ya saka mata da alheri.

Abubuwa biyu suka haɗu suka buɗe ƙofar da muka shigo. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya sa yara da yawa, har da 'yan mata, sun iya karatun boko. Na biyu, tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin SAP na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu abin karantawa. Sai matasa suka ce ba za su zauna jira ba. Mutum ya rubuta labarinsa a littafin makaranta, ya tara 'yan kuɗinsa, mace ma har ta sayar da ɗan kunnenta, a kai wa mai injin bugawa, a raba wa masu sayarwa a Bata da Sabon Gari da Kasuwar Kurmi, sannan a zauna jiran ciniki. A tsakiyar shekarun 1980 Talatu Wada Ahmed ta fito da *Rabin Raina*. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da *Budurwar Zuciya* a 1987. Aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama, inda su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba suke. *In Da So Da Ƙauna* na Gidan Dabino ya zaga ko'ina a farkon shekarun 1990, har Gwaggo ta ce ranar da aka zo wurin da Sumayya ta faɗa rijiya, tuwonta ƙonewa ya yi. Sannan ga Anti Bilki, wato Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai *Allura Cikin Ruwa* da *Ki Yarda Da Ni*, wadda matan littattafanta ke haɗa karatu mai zurfi da addini da iya zaman aure.

Duk na karanta su a wancan hutu da waɗanda suka biyo baya. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne *Alhaki Kuykuyo Ne* na Hajiya Balaraba, wanda ya fito a 1990. Na buɗe shi ina zaton zan ga saurayi da budurwa suna musayar wasiƙa, sai na tarar da Rabi, uwar 'ya'ya tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa yana da hali amma cefane ya gagara. Ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci ta riƙe su, har ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Da gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, wadda ya yi dominta ta juya masa baya, sai dangi suka taru a kan Rabi aka matsa mata ta koma.

Wallahi 'yar'uwa, da na kai ƙarshe jifa na yi da littafin. Na ce, "Gwaggo, wannan wane irin ƙarshe ne? Bayan duk wuyar da ta sha a ce ta koma tana ciyar da shi? Da ni ce mai rubutun, sai na aura mata wanda ya fi shi." Gwaggo ta sunkuya ta ɗauke littafin, ta goge shi da bakin zaninta, ta ce, "Ke yarinya ce. Ita mai littafin ai ba ta ce ya yi daidai ba, ta faɗi yadda ake yi ne." Ba ta ƙara ko kalma ba. Sai bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, Umma ta ba ni labari cewa ita ma Gwaggo ta yi shekara huɗu a gida da yara biyar, tana sayar da ƙosai da koko, kafin a mayar da ita ɗakinta lokacin da ciwo ya kwantar da maigidan. Ashe ranar nan labarinta na yi jifa da shi a gabanta.

Na sake karanta littafin bayan na yi aure na haihu, kuma har yanzu raina yana ɓaci idan na zo ƙarshen. Sai dai yanzu na gane ba da marubuciyar nake fushi ba. Da ta yi mini ƙarshen da nake so, da na rufe littafin na yi barcina na manta. Da ta bar shi yadda yake, ga shi shekara kusan 20 ina tambayar kaina: me ya sa idan namiji ya yi ɓarna, mace ake kira ta yi haƙuri ta kwashe? Haka kuma *Wa Zai Auri Jahila?* ya yi mini, labarin Abu da aka cire daga makaranta aka aura wa tsoho Sarkin Noma, ta gudu ta nemi ilimi har ta zama abin kwatance. Ita kanta Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama. Wanda ya sha ɗaci shi ya san yadda zai kwatanta shi. Lokacin da aka fara maganar aurena ina aji biyar, da ƙarfin gwiwar Abu na samu Babanmu na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a bar ni in gama." Allah ya taimake ni ya yarda.

Ba a bar littattafan nan sun sha ruwa ba. Tun shekarun 1990 masana suka yi ta muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da ingancin da za su daɗe, su kuma Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme suka ce a tsaya a karanta kafin a yanke hukunci. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya, daga baya hukumar tace finafinai ta ce marubuta su ma sai sun yi rajista. Mu da muke makaranta a lokacin, a cikin rigar filo muke ɓoye namu. Amma abin da Allah ya raya ba mai kashe shi. A 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassarar *Alhaki Kuykuyo Ne* da Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. A 2016 kuma Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta mata zalla.

Kada ki ce ina wanke mu ne tas. Ko a akwatin Gwaggo akwai na banza, waɗanda ba komai a ciki sai mota da gidan bene da saurayin da ba a san sana'arsa ba. Yanzu da karatu ya koma cikin waya, ana tura labari shafi-shafi ta WhatsApp, abin ya ƙaru, har akwai masu zuba batsa don a biya su kuɗi, babu mai dubawa balle ya gyara. Irin wannan yana sa yarinya ta shiga gidan miji da mafarkin da ba mai iya cika mata, ta raina ɗan abin da Allah ya hore masa. Masu sukarmu suna da gaskiyarsu a nan, kuma mu marubuta za mu amsa tambaya a kan kowane layi ranar gobe.

Abin da nake roƙo shi ne a bambance tsaki da tsakuwa. Ni ma'aunina ɗaya ne, daga Gwaggo na gaje shi: idan na gama littafi nakan duba, shin na ga wata da na sani a ciki? Na ƙara fahimtar kishiyata, ko uwar mijina, ko bazawarar da ke maƙwabtaka da mu? Idan haka ne na adana shi. Idan kuwa ba abin da ya bar mini sai raina gidana, ba na ba wa kowa aronsa. Ke ma uwa, idan kin ga 'yarki da littafi ko ta ƙura wa waya ido, kafin ki ƙwace, karɓi ki karanta, sannan ku zauna ki tambaye ta me ta gani. Za ki ji abin da ke ranta wanda kunya ba za ta bar ta ta faɗa miki kai tsaye ba.

Akwatin nan yana ɗakina yanzu, shi kaɗai na roƙa cikin kayan Gwaggo. 'Yata ta fari ta fara leƙa shi, ina jiran ranar da za ta kai ƙarshen labarin Rabi in ji me za ta ce.

Abin da na faɗa daidai Allah ya ba mu ladarsa baki ɗaya, kuskuren da ke ciki kuma ya yafe mini. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, ya ba 'yan matanmu mazaje nagari, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.