Tarihin Barin Taba Sigari a Cikin Ƙungiya: Ragi Sannu a Hankali da Ranar Yankewa

Gabatarwa

A shekarar 1950 ne wasu masana biyu 'yan Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka wallafa sakamakon binciken da suka gudanar a asibitocin birnin Landan, wanda ya nuna alaƙa tsakanin shan taba sigari da ciwon dajin huhu. Shi kansa Doll mashayi ne, kuma abin da ya gani a alƙaluman ne ya sa ya ajiye tabar tun kafin aikin ya kammala. A ranar 11 ga Janairu, 1964, babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya fitar da rahoton da ya tabbatar da wannan magana a hukumance. Duk da haka, a 1965 kusan kashi 42 cikin ɗari na manyan mutanen Amurka suna ci gaba da zuƙa. Sanin illa daban, iya bari daban. Daga nan ne aka shiga neman hanyar da za a bi a raba mutum da abin da jikinsa ya saba da shi, kuma tarihin wannan nema ya ta'allaƙa ne a kan tambayoyi biyu: a yanke lokaci guda ko a riƙa ragewa, kuma mutum shi kaɗai ko tare da wasu.

Shirin Kwana Biyar

Wajejen 1960 wani likita mai suna Wayne McFarland da wani limamin coci, Elman Folkenberg, dukansu 'yan ɗariƙar Adventist a Amurka, suka tsara abin da aka kira Shirin Kwana Biyar. Mashaya sukan taru da yamma kwana biyar a jere. Likita ya yi bayanin abin da taba ke yi wa jiki, limami ya yi nasiha a kan ƙarfin niyya, sannan a umurce su da yawaita shan ruwa da ƙaurace wa gahawa da giya. Tun daren farko ake ajiye tabar baki ɗaya. Abin da ya fi daɗewa cikin gadon wannan shiri shi ne haɗa mahalarta bibbiyu: kowa yana da abokin da zai buga wa waya idan ƙishirwar taba ta taso masa, shi ma abokin ya kira shi in tasa ta motsa.

Hanyar Ragi

Ba kowa ne ya iya jure yankewar farat ɗaya ba. Jacquelyn Rogers, wata matar aure a jihar Pennsylvania, ta shafe fiye da shekara ashirin tana sha, ta sha gwada bari tana komawa. Da ta samu nasara ta hanyar dabarun da ta tsara wa kanta, sai ita da mijinta, wanda likitan haƙori ne, suka kafa shirin SmokEnders a 1969. A wannan tsari ana haɗuwa mako-mako, kuma a makonnin farko ba a hana kowa sha. Mutum yakan rubuta duk karan da ya kunna da lokacin da ya kunna shi, ya jinkirta na bayan abinci, ya koma wata taba mai ƙarancin nikotin, har ya warware igiyar da ta ɗaure sigari da shan shayi, da hira, da ɓacin rai. Sai dai ragin yana da iyaka. Akwai ranar da aka tsayar wadda kowa zai kashe karan ƙarshe, sa'annan a ci gaba da haɗuwa bayanta domin dafa wa juna.

Cingam da Asibitin Maudsley

A ƙasar Suwidin kuwa, wani masanin haɗa magunguna, Ove Fernö, ya ƙirƙiro cingam mai nikotin wanda aka sa wa suna Nicorette, aka fara ba shi rajista a Suwizalan a 1978. A asibitin Maudsley da ke Landan, likita Michael Russell ya daɗe yana bayyana cewa nikotin ne ke riƙe mashayi, amma baƙar dauɗar hayaƙi ce ke kashe shi. Wannan fahimta ta ba da damar raba abubuwan biyu: a yanke hayaƙi a rana guda, a riƙa rage nikotin a hankali ta hanyar cingam. A nan ne aka gina tsarin zaman ƙungiya inda kowa ke ɗaukar alkawari a gaban 'yan uwansa cewa ba zai zuƙi ko sau ɗaya ba har zama na gaba, wanda Peter Hajek ya fayyace a 1989. Da hukumar lafiya ta Ingila ta buɗe cibiyoyin barin taba a 1999, wannan tsari na cikin abin da ta ɗauka. Kafin nan, a 1982, wasu mashaya a Kalifoniya sun kafa tasu ƙungiyar ba tare da likita ba, wadda daga baya ta zama Nicotine Anonymous.

Hukuncin Bincike

A 2008, Nicholas Christakis da James Fowler suka fitar da nazarin da suka yi a kan mutum 12,067 da aka bibiyi rayuwarsu daga 1971 zuwa 2003 a binciken garin Framingham. Sun gano cewa mutane rukuni-rukuni suke barin taba. Idan miji ko mata ta daina, yiwuwar ɗayan ya ci gaba da sha tana raguwa da kashi 67 cikin ɗari. Idan aboki ne, kashi 36. Idan ɗan uwa ne na jini, kashi 25. Dama Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Batun ragi kuwa bai warware cikin sauƙi haka ba. Wani gwaji da aka yi a Ingila da mutum 697, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa bayan mako huɗu kashi 49 na waɗanda suka yanke lokaci guda ba su koma ba, alhali na masu ragi kashi 39 ne. Amma da masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2019, ba su sami bambanci bayyananne tsakanin hanyoyin biyu ba. A akasarin gwaje-gwajen nan, masu ragin ma suna da ranar da za su daina gaba ɗaya.

Kammalawa

Binciken da Doll ya fara a kan likitocin Birtaniya a 1951 ya ɗauki shekara hamsin. Sakamakonsa na 2004 ya nuna cewa mashayi kan yi asarar kimanin shekara goma na rayuwarsa, amma wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yakan tsira da kusan dukansu, mai shekara 50 ya tsira da shida, mai 60 kuma da uku. Saboda haka jinkiri yana da tsada. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Darasin da ya fito daga Pennsylvania da Maudsley shi ne mai ragi ya tsayar da ranar yankewa, ya kuma faɗa wa abokin da zai tambaye shi idan ranar ta zo.