Kowace Ganga Da Mai Ita: Tarihin Kiɗan Fada Da Na Sana'a A Ƙasar Hausa

A tsohon tsarin ƙasar Hausa, mutum ba ya zaɓar gangar da za a kaɗa masa. Gidan da aka haife shi da sana'ar da ya gada su ne ke zaɓa masa. Sarki na da tambari, mahauci na da kalangu, maƙeri na da dundufa, manomi na da gangar noma. Attajiri komai dukiyarsa bai isa ya sa a buga masa tambari a ƙofar gida ba, domin a wajen fada wannan tawaye ne ƙiri-ƙiri. Hausawa da kansu sun ce tambari sai sarki. Saboda haka duk wanda ya bi sawun kayan kiɗanmu, zai tarar tarihin mulki da matsayi yake karantawa.

Abin Da Tarihin Kano Ya Adana

Kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin wani basarake mai suna Dagaci, wanda ya zo daga Barno a zamanin Sarki Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Cikin kayan da aka lissafa ya zo da su akwai gangunan da ake kaɗawa a kan doki da kayan busa da tutoci da bindigogi. Abin lura shi ne inda marubucin ya ajiye ganga: tsakanin tuta da bindiga, wato cikin kayan iko. Bayan haka, a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, kakaki da figini suka shiga cikin alamomin sarautar Kano, a daidai lokacin da aka gina Gidan Rumfa aka kuma kafa Kasuwar Kurmi. Fada tana girma, kiɗanta na ƙara tsari.

Gangunan Fada

Tambari shi ne babba. Ƙaton akushi ne na itace da ake rufe bakinsa da fatar sa, kuma ba a taɓa shi sai da dalili: naɗin sabon sarki, ganin watan Salla, fita yaƙi a da, ko hawa. Yana da nauyin da a wasu masarautu a kan raƙumi ake ɗora shi ranar hawa. A Katsina, gwauron tambari na cikin kayan gadon sarauta tare da takobin nan Gajere. A zamanin yaƙe-yaƙe, ƙwace tamburan sarki babban abin kunya ne gare shi, kuma wanda ya ƙwato su yakan adana su a fadarsa don jikoki su gani.

Ƙasa da tambari akwai gangunan da ake waƙa da su. Kotso siririn ciki ne da shi kamar kalangu, amma baki ɗaya kawai ake rufewa, kuma da hannu ake kaɗa shi. Taushi ɗan akushi ne, shi ma da hannu ake bugunsa, ana liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fatar don muryarsa ta yi zurfi. Jauje ya fi kalangu girma, shi kuma na sarakuna ne da manyan hakimai. Akwai banga, wadda fadar Zazzau ta shahara da ita, ga kuma gangar da ke raka algaita da kakaki da farai.

Kowane daga cikin waɗannan na da shugaba mai rawani: Sarkin Tambura, Sarkin Taushi, Sarkin Kotso, Sarkin Jauje, Sarkin Kakaki, Magajin Banga. Sarki ne ke ba su gida da gona da doki da tufafi, su kuma su riƙe masa tarihin kakanninsa a ka. A fadoji da dama, kowane daren Juma'a sukan hallara a ƙofar fada su yi kiɗan sara. Kowace sarauta tana da takenta, har mutumin gari yakan gane hakimin da ke tafe tun bai hango rawaninsa ba.

Daga wannan makaranta aka sami Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Aliyu Ɗandawo da ya yi taushi a Argungu da Yawuri, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo Maradun. Shi Ɗanƙwairo gado ya yi wajen mahaifinsa, ya kuma daɗe yana Daudun Kiɗi a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Haka tsarin yake: yaro ya fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya riƙe ƙaramar ganga, sannan in yana da rabo ya zama jagora.

Jihadi Da Hukuncin Ganga

Jihadin da aka fara a 1804 ya sa kiɗa a ma'auni. A littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba bisa wata manufa ta shari'a ba cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi wa gyara. Sai dai bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba. Ya yarda a buga tambari don tara runduna, ko sanar da tashinta da saukarta, ko shelar zuwan Idi. Ke nan gangar da ta fi kowace kusanci da mulki ita ce ta sami mafaka a sabuwar daula.

Sarakunan Haɓe da suka yi ƙaura sun tafi da al'adun fadarsu. Katsinawa suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka zauna Tsibiri, Zage-zagi suka kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. Can kiɗan fada ya ci gaba da tsohon salonsa. A masarautun da ke ƙarƙashin Sakkwato kuwa, sannu a hankali kotso da taushi da kakaki suka dawo ƙofar fada, sai dai waƙoƙin suka cika da ambaton addini da adalci da nasabar Shehu. A ɓangaren ɗariƙu ma, bandiri ya sami gurbi a zikirin Ƙadiriyya, musamman a Kano ƙarƙashin Shehu Nasiru Kabara.

Gangunan Talakawa

Wajen ganuwar fada, sana'a ce ke rabon ganga. Kalangu na rundawa ne. Da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka, kuma da yake dambe wasan mahauta ne tun asali, kalangu ya bi su har fage, inda irin su Ɗan'anace suka yi suna. Sirrinsa na cikin tsarkiyar da ta haɗa fatun bakinsa biyu: makaɗi ya matse ta a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, gwani na iya kiran sunan mutum da kirarinsa ba tare da ya buɗe baki ba. Kalangu ba ya tafiya shi kaɗai. Babban yana magana, ɗan karɓi na amsa masa, kuntuku na riƙe da ƙafar kiɗan, 'yan amshi na karɓa, sanƙira na fassara wa jama'a abin da ganga ta faɗa.

Gangar noma ita ce ta gayya. Makaɗa na bin manoma kunya-kunya suna zuga su da takensu, har saurayi ya manta da rana. 'Yan tauri da mafarauta suna da nasu kiɗan da ke tsuma su. Mata a cikin gida ba su jira masassaƙi ba: shantu da ƙwaryar da aka kifa a ruwa da luguden turmi sun ishe su biki. Daga wannan kiɗan ƙwarya ne amada ta fito, wadda Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta fitar da ita daga tsakar gida zuwa dandali.

Duk da wannan amfani, al'umma ta ajiye makaɗi a ƙasan tsani. Yana cin abinci daga hannun sarki, ana tsoron zambonsa, amma gidaje da yawa ba sa ba shi aure.

Lokacin Da Shinge Ya Faɗi

Faifan garmaho da rediyo ne suka rushe wannan rabo na ganguna. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, waƙar da a da sai wanda ya je fada zai ji ta shiga kowane zaure. Siyasa ta samar da sababbin iyayen gida, har Ɗanƙwairo ya kai kotsonsa ga Sardauna Ahmadu Bello. Mamman Shata kuwa ya ɗauki kalangun mahauta ya yi wa sarki da soja da direba da ɗan kasuwa waƙa da shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma kafin rasuwarsa a 1999 kalangu ya riga ya zama gangar kowa.

Daga shekarun 1990, fiyano ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, yaro ɗaya na fitar da sautin da a da sai mutum goma. Tambari da kakaki ba su girgiza ba, domin fada na riƙe da su, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. Waɗanda ke cikin haɗari su ne gangunan da sana'arsu ta sauya. Inda tarakta da maganin feshi suka maye gurbin gayya, gangar noma ta rasa mai kiranta, dundufa ma sai a bikin 'ya'yan maƙera. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu a rubuce, amma take ba ya zama a takarda. Sai an je wa tsofaffin makaɗa da masassaƙan ganga da na'urar ɗaukar murya da hoto, a tambaye su take-take, kowane da sunan mai shi, tun suna da ƙarfin riƙe makaɗi.