Takardun dala masu jingina da azurfa: yadda ake gane su da sanin darajarsu

Daga shekarar 1878 zuwa 1964 gwamnatin Amurka ta riƙa buga wani nau'in takardun dala da ke ɗauke da alkawarin cewa duk wanda ya kai su baitulmali za a ba shi azurfa daidai da adadin da ke rubuce a jikinsu.

Alkawarin dai ya daɗe da faɗuwa. A watan Maris na 1964 aka daina musayarsu da tsabar dalar azurfa, sannan ranar 24 ga watan Yunin 1968 aka daina ba da azurfar baki ɗaya.

Har yanzu doka ta amince da su a matsayin kuɗi, amma bisa adadin da ke jikinsu kawai. Duk abin da ya haura haka, masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi ne ke yanke shi.

Alamomi

Abu na farko da ake dubawa shi ne kalmomin "Silver Certificate" a saman fuskar takardar.

Sai kuma girmanta. Waɗanda aka buga kafin 1928 manya ne, tsawonsu ya kusa santimita 19, na bayansu kuwa girmansu ɗaya da dalar yau. Galibin ƙananan hatiminsu da lambobinsu shuɗi ne, saɓanin koren da aka saba gani. Mai jan hatimi a cikin ƙananan wani nau'in kuɗi ne dabam.

Shekarar da ke jikin takarda ta kan ruɗi mutane, domin shekarar samfurin ce, ba lallai ta bugu ba. An ci gaba da buga samfurin 1935 har farkon shekarun 1960.

Daraja

A nan ne akasari murna kan koma ciki. Takardun dala ɗaya na samfurin 1935 da 1957, waɗanda su aka fi samu a tsofaffin akwatuna, an buga biliyoyinsu. Wadda ta sha hannu da ƙyar ta kan wuce dala biyu ko uku. Ƙarancin takarda da kyawunta ne ke ɗaga farashi, tsufa kaɗai ba ya isa.

Cikin manyan, ana neman samfurin 1896 saboda kyawun zanensa, da dala ɗaya ta 1886 mai hoton Martha Washington, da dala biyar ta 1899 mai hoton Running Antelope, wani shugaban 'yan asalin ƙasar. Cikin ƙananan kuwa, dala goma ta 1933 tana daga cikin mafi wuyar samu.

Yaƙin Duniya na Biyu ma ya bar nasa. Sojojin Amurka da suka sauka a Maroko da Aljeriya a 1942 an biya su da takardu masu ruwan ɗorawar hatimi, domin a iya soke su idan suka faɗa hannun Jamusawa. Saboda tsoron mamayar Japan, an yi wa tsibiran Hawaii nasu masu hatimi ruwan ƙasa, da sunan Hawaii a gaba da baya.

Tauraro a jikin lambar takarda na nuna cewa an buga ta ne a madadin wadda ta lalace a maɗaba'a, kuma hakan kan ƙara mata kuɗi.

Kamfanonin tantancewa, irin su PMG, na ba takarda maki daga 1 zuwa 70. Ninki ɗaya a tsakiya ya isa ya fitar da ita daga sahun waɗanda ba a taɓa kashewa ba.

Wanki da guga da liƙi da salatif kuwa duk suna barin alamar da ƙwararru ke ganewa, kuma takardar da aka yi wa haka farashinta kan faɗi ƙasa da na wadda aka bari da dattinta.