Zugazugin maƙera a kan motar tsere

Yaranmu sun fi mu sanin baƙar motar nan ta fim ɗin Fast and Furious na 2001, wato Dodge Charger ta 1970, mai wani ƙarfe mai walƙiya da ya huda murfin injin ya leƙo waje. Suna zana ta a bayan littafin lakwal, suna liƙa hotonta a waya. Ƙarfen nan Amurkawa suna ce masa sufacaja, kuma tarihinsa ya girmi mota kanta. Ni a ganina malamin lissafi ko na kimiyya da ya san wannan tarihi ya samu hanyar kama hankalin yaron da ke gyangyaɗi a bayan aji.

Aikinsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a maƙera. Wuta ba ta ci sai da iska, shi ya sa maƙeri ke da mai zuga. Injin mota ma wuta ce ake kunnawa a cikin silinda, kuma kowane giram ɗaya na fetur yana bukatar wajen giram 14,7 na iska kafin ya ƙone sarai. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi. Iskar ce ke da wuyar samu, don injin da aka bari da kansa ba ya shaƙar fiye da abin da nauyin iskar duniya ya tura masa. Sufacaja zugazugi ne da injin ke juyawa da bel, yana cusa iska da ƙarfi.

Ba don mota aka ƙirƙire shi ba. A garin Connersville na jihar Indiyana, wasu ƴanuwa biyu, Philander da Francis Roots, suka yi rajistar na'urarsu a 1860: dunƙule biyu masu juyawa a cikin akwati, suna kwasar iska daga wannan ɓangare suna zubawa a wancan. Masu narkar da ƙarfe suka saye ta don hura tanderu, masu haƙar ma'adinai kuma don shigar da iska cikin rami. Sai a 1921 kamfanin Mercedes ya nuna motocin farko masu ɗauke da irinta a baje kolin Balin. Kalmar Kompressor da kuke gani a bayan tsofaffin Mercedes da ke shigo mana daga Kwatano jikanyar wannan na'ura ce.

Amma wanda yara ke gani a fim ta wata hanya dabam ya biyo, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. A 1938 kamfanin General Motors ya fito da injinan gazuwal da ake kira jerin 71, saboda kowace silinda tana da faɗin inci 71 na ciki, wato lita ɗaya da ɗan ɗoriya. Injin mai silinda shida shi ne 6-71. Irin wannan injin ba ya iya numfashi da kansa, don haka aka manna masa na'urar Roots a gefe, ba don gudu ba, sai don ta kore hayaƙi ta shigo da sabuwar iska. A yaƙin duniya na biyu an zuba waɗannan injina cikin kwale-kwalen saukar da sojoji da tankokin yaƙi, bayan yaƙi kuma cikin bas-bas da manyan motoci. Da aka gama yaƙi, kayan soja suka cika kasuwar gwanjo a araha.

Su wa suka saye? Samari ƴan Kalifoniya da ke tsere a busassun tafkuna, da yawansu tsofaffin sojoji da suka koyi kanikanci a bakin jiragen sama. Barney Navarro yana cikin na farko: a 1948 ya ɗora na'urar 3-71 a kan injin Ford mai silinda takwas. A shekarar ce aka fara buga mujallar Hot Rod, a 1951 kuma Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a janye tseren daga titin gari a mai da shi filin da ke da doka. Iyayen wancan zamani ma sun yi kuka da haɗarin ƴaƴansu, kamar yadda muke kuka da masu wasa da babur ranar biki.

Motocin da ake kira masu ƙwanji sun zo daga baya. Yawanci ana fara lissafinsu daga Pontiac GTO ta 1964: babban inji a cikin matsakaiciyar mota, da kuɗin da saurayi mai albashi zai iya biya. Injin Hemi na kamfanin Chrysler ya kai lita 7, da ƙarfin doki 425 a takarda. Abin da fim bai faɗa ba shi ne, kusan dukansu ba su fito daga masana'anta da sufacaja ba. An samu ƴan kaɗan, kamar Shelby GT350 ta 1966 da ake iya oda da na'urar Paxton, wadda ita a ɓoye take ƙarƙashin murfi. Wanda ya huda murfi kuwa aikin gareji ne, hannun mai mota ko na bakanike.

Kuma aikin ba ɗaure ƙusa huɗu ba ne. Idan na'urar ta ƙara rabin nauyin iskar duniya, a lissafi injin zai samu ƙarin iska kashi 50 cikin 100. Sai dai iskar da aka matse tana ɗaukar zafi, kuma injinan nan tun asali suna matse haɗin iska da fetur sau 10 ko fiye. Zafi a kan matsi, sai fetur ya fashe da kansa ba bisa tsarin wutar buji ba, ya riƙa dukan fistin har ya huda shi. Dole mai aikin ya sauya fistin ya sauke matsin zuwa wajen sau 8, ya ƙara girman kafireta da famfon mai, ya ja lokacin tartsatsin wuta baya. Gudun na'urar kuma ya dogara da girman ƙafafun bel guda biyu, na sama da na ƙasa, wanda ba komai ba ne illa darasin rabo da muke koyarwa a koleji. Ita kanta na'urar tana cinye wani kaso na ƙarfin da ta samar. Sannan birki da giya da aka ƙera don doki 300 ba su san an ninka musu kaya ba. Wannan shi ne abin da nake so uban da ɗansa ya nace sai gareji ya lura da shi: Navarro da ire-irensa da alƙalami suka fara kafin su ɗauki sifana, wanda kuma ya tsallake lissafin, injinsa ne ya biya.

Zamanin motocin bai daɗe ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora ga matasa, da fetur marar dalma, suka sa kamfanoni rage matsin injina tun 1971, shekarar da aka daina sa Hemi a motocin titi. Takunkumin man Larabawa na Oktoban 1973 ya ƙarasa sauran. Motocin suka koma gwanjo, suka faɗa hannun masu gareji, kuma a shekarun da suka biyo baya ne ƙarfen da ke leƙowa daga murfi ya zama ado a titi da fina-finai. Kamfanin Dodge ya sayar da Challenger Hellcat a 2015 da sufacaja tun daga masana'anta, doki 707, murfinta kuma a rufe.