Ciwon Idon Kyanwoyin Titi da Matsayin Mafaka Wajen Tashinsa da Kwanciyarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin abin da likitocin dabbobi suka tabbatar game da ciwon ido a kyanwoyin da ba su da mai kula da su, tun daga sababinsa har zuwa illar da yake bari. Da'awar da ta tsaya a kanta ita ce, galibin cutar tana kwance a jikin kyanwar tun kafin a tsince ta, kuma ƙunci da firgita su ke tashe ta, saboda haka fasalin mafaka da yadda ake mu'amala da dabba a cikinta wani sashe ne na magani, ba ado ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya lura da 'ya'yan kyanwa a lungunan kasuwa ko bayan mahauta ba zai rasa ganin wanda kwantsa ta manne wa ido ba, yana atishawa, majina ta bushe masa a hanci, har ya kasa jin ƙanshin abincin da ke gabansa. Jama'a sukan ɗauka mura ce da za ta wuce da kanta, kuma a babbar kyanwa sau da yawa haka ne. Amma a ɗan jariri, wanda ƙarfin jikinsa bai kammala ba, 'yan kwanaki kaɗan na sakaci sun isa su raba shi da ganinsa har ƙarshen rayuwarsa. Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga ma'abota ilmin addini, domin Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Abin lura a nan shi ne, laifin ya taso ne daga tsarewa ba tare da cika haƙƙi ba, wanda kuwa ya gina mafaka tsarewa ya yi, ko da niyyarsa rahama ce.

Sababan cutar

Ƙwayoyin cuta uku suka fi shahara a wannan babi. Na farko, kuma mafi girman ɓarna, shi ne bairus ɗin hafis na kyanwa, wanda ake taƙaita sunansa da FHV-1, wanda Crandell da Maurer suka ba da bayanin gano shi a Amurka a 1958. Na biyu bakteriya ce mai suna Chlamydia felis, wadda Baker ya bayyana a 1942, 'yar uwa ga wadda ke haddasa amodari a idon ɗan Adam. Takan fara da ido ɗaya, tantanin cikin fatar idon ya yi ja ya kumbura, sa'an nan bayan kwanaki ta ƙetara zuwa ɗayan, kuma ta fi kama kyanwar da ba ta cika shekara ba. Na uku bairus ɗin kalisi ne, wanda Fastier ya gano a Niyu Zilan a 1957, wanda gyambon harshe ya fi zama alamarsa, ɓarnarsa a ido kuwa ba ta kai ta na farkon ba.

A kan hafis ya kamata a tsaya a yi tahakiki, domin ɗabi'arsa ita ce mabuɗin dukkan al'amarin. Idan ya kama kyanwa, ta yi jinyarta ta mako biyu ko uku ta miƙe, bairus ɗin ba ya barin jikinta. Yakan bi jijiyoyin fuska ya koma wani ƙulli na jijiya da ke cikin ƙoƙon kai, ya kwanta a can ba tare da wata alama ba. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka kamu suna zama a wannan hali muddin ransu, kuma kusan rabin waɗannan cutar takan farka musu a wani lokaci. Gaskell da Povey, a binciken da suka gudanar a Ingila a shekarun 1970, sun nuna cewa canza wa kyanwa mazauni, da ba ta maganin sitiroyid, da haihuwa da shayarwa, kowane ɗaya yana iya tashin bairus ɗin bayan kamar mako guda. Ta nan ne ake fahimtar yadda uwa mai kamar lafiyayya take shafa wa 'ya'yanta cutar a makonninsu na farko, da kuma yadda kyanwar da aka shigar mafaka da idanu garau take wayar gari bayan kwana bakwai ko goma da hawaye da atishawa, alhali ba ta haɗu da wata mai ciwo ba.

Yadda ido yake salwanta

Ɗan kyanwa yana buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 14 da haihuwa. Idan cutar ta riga buɗewar, mugunya takan taru a bayan fatar idon da take rufe, wurin ya yi tudu, wani lokaci ɗigon ruwan ɗorawa ya ɓullo ta kusurwar da ke wajen hanci. Abin da ake yi a nan ba shi da tsada: a jiƙa auduga da ruwan ɗumi mai tsabta, a ɗora ta a kan idon har kwantsar ta yi laushi, sa'an nan a raba fatun a hankali daga wajen hanci, a wanke mugunyar, a sa maganin ido sau da yawa a yini. Idan aka yi jinkiri, tantanin baƙin ido yakan yi gyambo, gyambon ya yi zurfi har ƙwayar idon ta fashe. Ko kuma tantanin cikin fatar ido, da ya saɓule, ya manne da baƙin idon yayin warkewa, ya bar hakiya mai kauri wadda ko an yi tiyata takan sake mannewa.

A babbar kyanwa likita yakan ɗiga wani rini mai suna fulorasin, ya haska idon da shuɗin haske, sai gyambon ya bayyana kore. Idan aka ga ya yi rassa kamar busasshen itace, to wannan hujja ce yankakkiya ta hafis. Wannan gwaji wajibi ne kafin a sa kowane maganin ɗigo mai sitiroyid, domin sitiroyid a kan ido mai gyambo yana hana warkewa, yana kuma ƙara wa bairus ƙarfi, kuma da yawa daga magungunan idon da ake sayar wa mutane suna ɗauke da shi.

Game da magani, abin da likitoci suka yi ittifaƙi a kansa kaɗan ne amma bayyananne. Chlamydia tana buƙatar doksisaikilin ta baki har mako huɗu, ga dukkan kyanwoyin da ke zaune tare, a kuma bi ƙwayar da ruwa don kada ta maƙale ta ƙona maƙoshi. Hafis mai tsanani ana ba shi famsikulobir. Balasikulobir, duk da kusancinsa da shi, guba ne ga kyanwa, haka nan farasitamol, wanda ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Shi kuwa laisin, da aka daɗe ana zubawa a abinci, bitar da Bol da Bunnik suka wallafa a 2015 ba ta sami hujjar fa'idarsa ba.

Mafaka

A 2018 Wagner da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa binciken da suka yi a mafaka tara na Arewacin Amurka, natijar kuwa ta dace da abin da ɗabi'ar bairus ɗin ta yi ishara da shi: inda kejin ya wuce murabba'in ƙafa 8, kuma ba a motsa kyanwa daga mazauninta fiye da sau biyu a makon farko ba, cutar numfashi da ta ido sun yi ƙaranci ƙwarai. Dalili kuwa a fili yake, domin ƙaramin keji yana tilasta wa kyanwa, wadda tsabta take cikin halittarta, ta ci abinci kusa da bayan gidanta, yana kuma tilasta wa ma'aikaci ya fitar da ita kullum don ya share. Keji mai ɗaki biyu da ƙofa a tsakani yana kawar da illolin nan duka, akwatin ɓuya da nisanta kyanwa daga haushin karnuka kuwa suna rage mata firgita. A ganina wannan ya fi komai muhimmanci a cikin abin da aka gano, domin yana nuna cewa mafakar da ta karɓi kyanwoyi fiye da ƙarfinta, ko da don tausayi ne, tana haifar da cutar da aka kafa ta don kawarwa.

Sauran tanadi sananne ne. Allurar rigakafi a ranar shigowa, a maimaita wa 'ya'ya kowane mako biyu tun daga mako huɗu da haihuwa, tana rage tsananin ciwon ko da ba ta hana kamuwa. Hafis ba ya wuce awa 18 a waje ko da wurin da danshi, amma kalisi yana iya kai wata guda, don haka ake wanke kwanoni da keji da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin 32 na ruwa. Ciyar da kyanwoyi a matsayin sadaka mai gudana tsohuwar al'ada ce a ƙasashen Musulmi, har an ruwaito cewa Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu a Alƙahira domin su. Abin da zamani ya ƙara shi ne sanin cewa ciyarwa ba ta wadatar idan mazauni ya ƙuntata.

Waɗanda suka riga suka makance

Idon da ya fashe ko yake ciwo ba tare da fatan gani ba, cire shi rahama ce, kuma kyanwa takan koma cin abinci da wasa cikin 'yan kwanaki bayan tiyatar. Makauniyar kyanwa tana dogara ga jinta da hancinta da gashin bakinta, ta haddace ɗaki har baƙo ya kasa gane lalurarta, muddin ba a canza wa kwanonta da shimfiɗarta wuri, kuma ana yi mata magana kafin a taɓa ta. Abin da ba za ta iya ba shi ne komawa titi, kuma dogon zama a keji yana tashin bairus ɗin da ke kwance a jikinta. Saboda haka muna kira ga masu kula da mafaka da su sa irin waɗannan a gaba wajen neman gidan da zai riƙe su, ga likitocin dabbobi kuma da su koya wa jama'a wanke idon jaririn kyanwa da auduga da ruwan ɗumi, su kuma gargaɗe su da kada su ɗiga masa maganin idon mutane kafin likita ya duba.