Magaji Ɗan Yamusa: Ɗan Keffi Da Bai Dawo Gida Ba

Jama'a, masu shirya fim suna son labarin wanda ya koma garinsu ya tono tsohon sirri. Mu a Keffi namu sirrin ya haura shekara 120.

A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan na lardin Nasarawa. Me ya haɗa su? Turawa sun ce farautar bayi da suka hana ce. Wata ruwaya kuma ta ɗora laifin kan tafinta, Audu Timtim, wanda aka ce ya riƙa juya maganar kowa har kowanne ya ɗauka ɗayan na neman ransa. Abin dariya, abin kuka: shi ma tafintan bai tsira da ransa ba.

Magaji ya tsere Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Wannan karɓa na cikin hujjojin da Lugga ya kafa ya tura sojoji, suka ci Kano a Fabrairun 1903. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, ya faɗi a yaƙin Burmi a watan Yuli. Bai sake ganin Keffi ba.

Yau Dutsen Moloney na nan a gari da sunan baƙon, ɗan gida kuwa yana kwance a Burmi. Duk wanda ya je gida Sallah, ya zauna da dattawa, ya rubuta abin da suka gada kafin su tafi da shi.

Allah Ya jiƙan magabata.